Ɗigo Huɗu da Suka Ɗauki Shekara Ashirin Ana Gyara Dokarsu

A harshen PHP, wanda aka gina WordPress da shi, akwai wata alama mai ɗigo huɗu, wato ::, wadda tarihinta ya nuna wahalar gyara kuskuren da jama'a suka riga suka saba da shi.

Masu rubuta manhaja suna bambanta abu biyu. Akwai class, wanda yake kamar zanen gida a takarda, akwai kuma object, wato gidan da aka gina bisa zanen. Ana iya duba zane a san yawan ɗakuna, amma buɗe ƙofa sai an gina gidan. Da wannan alama ake kiran aiki daga zanen kai tsaye, ba tare da an gina komai ba.

Rasmus Lerdorf ne ya fitar da PHP a 1995. Daga baya Andi Gutmans da Zeev Suraski, ɗalibai a jami'ar Technion da ke Haifa, suka sake rubuta injinsa, aka sami PHP 3 a 1998. Su ne suka raɗa wa alamar suna da Ibrananci, Paamayim Nekudotayim, ma'ana ɗigo biyu sau biyu. Sunan ya daɗe yana fitowa cikin saƙon kuskure, yana ruɗa masu koyo.

A PHP 4 na shekarar 2000, ana iya kiran kowane aiki da alamar, ko da mai buƙatar gida ne. Sai manhaja ta nemi ƙofar da babu ita, ta ba da sakamako marar kan gado. PHP 5 ya zo a 2004 da kalmar static domin tantance ayyukan da suka halatta a kira haka, amma ya tsaya ga yi wa mai saɓawa gargaɗi, saboda haramci nan take zai durƙusar da ɗimbin shafukan intanet.

A 2015, PHP 7 ya sanar cewa za a daina lamuntar wannan ɗabi'a. Sai a Nuwamba 2020 PHP 8 ya haramta ta ɗungurungum, ya kuma cire sunan Ibranancin daga saƙon kuskure. Duk kamfanin da ya gaji tsohuwar manhaja ya ga ta tsaya cik bayan sabuntawa, wataƙila bashin shekarar 2000 yake biya.