Silima, métrage da fom ɗin da aka tsallake

Daga Kwatarkwashi nake magana. Yau kalmomin fim na ɗauko.

Kakanninmu majigi suka fara sani, motar nan da Turawan Ingila ke yawo da ita gari-gari, a kafa farin ƙyalle a fili da dare. Silima kuwa, ko da ta bakin Ingilishi ta iso mana, asalinta Faransa ne. Ranar 28 ga Disamba 1895 wasu 'yan uwa biyu, Auguste da Louis Lumière, suka haska fim a birnin Faris ga mutanen da suka biya kuɗin shiga. Na'urarsu cinématographe suka kira ta, baki ya gutsure ta ta koma cinéma. Sai a 1937 aka buɗe silimar Rex a Kano.

To, ga wadda ta fi burge ni: métrage. Daga mita take. A da fim zare ne da ake naɗewa a faifai, da mita ake auna tsawonsa. Shi ya sa gajeren fim yake court métrage, dogo kuma long métrage. Zaren ya tafi, sunan ya zauna. Darakta shi ne réalisateur, wato mai mayar da labari zahiri, tace fim kuma montage, harhaɗawa ke nan.

Wani zai ce ina ruwanmu? Wallahi da ruwanmu. Maraɗi ta fi Abuja kusa da mu. A 1962 Moustapha Alassane na Nijar ya yi fim mai suna Aouré. Ku maimaita a bakinku: aure ne, da rubutun Faransanci. A 1972 Oumarou Ganda, shi ma ɗan Nijar, ya zama na farko da ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu, shekara 18 kafin Turmin Danya ya fito a Kano. Mu dai idonmu na kan Indiya.

Wani ƙanena a Gusau ya ɗauki gajeren fim da waya kan matan da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu. Sanarwar wata gasa ta zo masa a WhatsApp, ya ga court métrage a samanta, ya wuce, bai san irin aikinsa ake nema ba. Ko da ya nuna mini, an riga an rufe karɓa.