Daga Kudan zuwa Majalisar Wakilai: Nazarin Tafarkin Siyasar Isa Ashiru, 1999 zuwa 2023

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun Isa Ashiru, ɗan ƙaramar hukumar Kudan, tun daga majalisar dokokin jihar Kaduna har zuwa Majalisar Wakilai. Hujjarta ita ce, a yankin Ikara da Makarfi da Kudan, kujerar Abuja ta zama zango a kan hanyar neman gwamna, kuma hakan ya sauya ma'aunin da ake auna ɗan majalisa da shi.

Matakan hawa

Ashiru ya shiga majalisar jiha a 1999 ƙarƙashin PDP, a shekarar da Ahmed Mohammed Makarfi ya zama gwamna. Shekara takwas suka yi, ɗaya a majalisa, ɗaya a gidan gwamnati na Sir Kashim Ibrahim. A 2007 suka nufi Abuja a tare: Makarfi ya zama sanatan Kaduna ta Arewa, Ashiru kuma ya wakilci mazaɓar Makarfi da Kudan, har ya maimaita a 2011. Wannan daidaituwa ba banza ba. Muddin jam'iyya na hannun ɗan gida, tikiti kan zo da sauƙi ga wanda ya riƙe shugabannin gundumomi da wakilan zaɓen fid da gwani. Ta wurin waɗannan ake bi a je masaukin ɗan majalisa da buƙatar taki ko rijiya ko takardar ɗaukar aiki.

Sauyin sheƙa

Guguwar 2015 ta rushe wannan tsari. Tun kafin zaɓen, Ashiru ya koma APC, ya nemi tikitin gwamna a 2014, Nasir El-Rufai ya kayar da shi. Sulaiman Hunkuyi, shi ma ɗan Kudan, ya karɓe kujerar sanata daga hannun Makarfi. Zaman Hunkuyi a APC bai yi daɗi ba: a 2018 ya bi sahun sanatocin jihar wajen ƙin amincewa da rancen dala miliyan 350 daga Bankin Duniya, a shekarar kuma gwamnatin jiha ta rushe gininsa da ke Kaduna, inda ɓangarensa na jam'iyya ke da ofis. Kafin shekarar ta ƙare, shi da Ashiru suka haɗu a PDP suna neman tikitin gwamna, Ashiru ya yi nasara.

A zaɓen 2019 ya samu ƙuri'a 814,168, El-Rufai ya samu 1,045,427. A 2023 tazarar ta tsuke ƙwarai: 719,196 gare shi, 730,002 ga Uba Sani na APC, Hunkuyi kuma na takara a NNPP. Kotun Ƙoli ta tabbatar da Uba Sani a Janairun 2024.

Tattaunawa

Abin da ya fi damun wannan nazari shi ne mai zaɓe. Mutumin Kurmin Kogi yana cikin mazaɓar Ikara da Kubau, saboda haka bai taɓa zaɓen Ashiru a matsayin wakili ba. Sai da Ashiru ya nemi gwamna ya gan shi a takardar ƙuri'a. Amma buƙatarsa ɗaya ce da ta manomin rake a Makarfi: hanyar fitar da amfanin gona, da kasuwar tumatir wadda ba za ta faɗi ranar da kwanduna suka yi yawa ba. Kasafin tarayya da dokokin noma na iya taɓa waɗannan, kuma nan ne ainihin aikin ɗan majalisa. Sai dai idan kowa na kallon kujerar a matsayin tsani, abin da jam'iyya ke ƙirgawa shi ne wakilai nawa mutum ya tara, ba ƙudiri nawa ya kai zauren ba. Masu bincike ma sun fi karkata ga alƙaluman zaɓe. Rubutattun bayanan zaman majalisa na 2007 zuwa 2015 suna nan, kuma ya kamata a zauna a tantance abin da wakilan wannan yanki suka faɗa a cikinsu game da noma.