Yadda Turai ta kusa ƙarar da shuɗin balen cikin shekara sittin

A littattafan kimiyya na makarantunmu, layi biyu ake ba shuɗin balen: dabba mafi girma a duniya, tana zaune a teku. Gaskiya ne, tsawonta na kaiwa mita 30, nauyinta na wuce tan 100, kuma ba kifi ba ce, domin iska take shaƙa, tana haihuwa, tana shayarwa. Abin da ba a faɗa wa yara shi ne yadda aka kusa shafe ta daga duniya.

Ɗaruruwan shekaru mafarautan teku ba su iya da ita ba. Ta fi kwalekwalensu gudu, in kuma ta mutu sai ta nutse da mai da nama. Wani ɗan Norwe, Svend Foyn, shi ya warware musu wannan: a 1870 ya yi rajistar igwa mai harba mashi da nakiya a kansa, ana ɗora ta a jirgi mai tururi. Daga baya aka koyi hura wa gawar iska don ta yi iyo. A 1904 Carl Anton Larsen ya kafa masana'antar narka kitse a Grytviken, a tsibirin Jojiya ta Kudu, kusa da ruwan Antaktika inda balen ke taruwa cin ƙananan jatan lande. A 1925 aka fito da jirgin da ke jawo dabbar ɗungurungum cikinsa a feɗe ta a tsakiyar teku. Daga nan ba sauran buƙatar tudu, ba kuma hukumar da ke ganin abin da ake yi. A kakar 1930 zuwa 1931 kaɗai an kashe fiye da 29,000.

Me ake yi da su? Mai. Tun da aka gano hanyar daskarar da shi, man balen ya shiga sabulu da man shafa wa burodi. Kamfanin Unilever na cikin manyan masu saye, kuma irin kasuwar man nan ce ta Turai take jan gujiyar da aka noma a ƙasar Maradi da Damagaram zamanin mulkin mallaka.

A 1946 ƙasashe suka kafa hukumar kula da farautar balen. A ganina nan ne babban abin kunya yake. Maimakon a ƙayyade adadin kowane jinsi, sai aka yi ma'auni ɗaya bisa yawan mai, shuɗin balen guda daidai da biyu na jinsin da ke bi masa a girma, ko shida na wani ƙarami. Wane mafarauci ne zai harbi shida alhali harbi ɗaya ya ishe shi? Aka riƙa bin babba har ya yi wuyar gani. Sai a 1966 aka hana kashe shi, lokacin da neman nasa ya riga ya daina biyan kuɗin gawayi da man jirgi. Duk da haka jiragen Tarayyar Sobiyet sun ci gaba a ɓoye har farkon shekarun 1970, suna ba da lissafin ƙarya; asirin ya tonu ne bayan rushewar ƙasar.

An kashe kusan 360,000 a tekun kudu, suka rage ƴan ɗaruruwa. Makiyayi ya san sauran zancen: uwa tana ɗaukar ciki kusan shekara, ɗa ɗaya take haifa duk shekara biyu ko uku, garke irin wannan ba ya dawowa da sauri. Yau ana ƙiyasta 10,000 zuwa 25,000 a duk duniya, kuma manyan jiragen kaya na banke wasu. A ruwan Jojiya ta Kudu an yi shekaru da wuya a ga ko ɗaya, sai a 2020 masu bincike suka ƙirga fiye da 50 cikin ƴan makonni.