Rumbu da Tukunya a Karkarar Maraɗi

Hausawa suna cewa ajiya maganin wata rana. A ƙasar Maraɗi, cikin Jamhuriyar Nijar, wannan magana ta daɗe tana riƙe da gidajen manoma. Katsinawan da suka bar garinsu bayan jihadi su ne suka kafa sarautar Maraɗi wajen shekara ta 1819. Ƙasar jigawa ce, damina kuwa ba ta cika wuce wata huɗu ba. Saboda haka tilas abin da aka noma a wata huɗu ya ciyar da gida wata goma sha biyu.

A zamanin dā iyali sukan yi noma tare a babbar gona da ake kira gandu, a ƙarƙashin maigida. Mata da samari kuma kowa yana da 'yar gonarsa, wadda mutanen can suke ce wa gamana. In kaka ta yi, a ɗaure gero dami dami, a zuba cikin rumbu da zangarniyarsa, gama ta haka ya fi daɗewa bai lalace ba. A gidaje da yawa akan rufe rumbun gandu bayan girbi, ba a buɗewa sai ruwa ya sauka an shiga noma. Da rani maza sukan tafi cin rani, mata su riƙe yara da hatsin gamanarsu da 'yan sana'o'insu. Dalilin wannan tsari a fili yake. Lokacin da aiki ya fi tsanani, hatsi kuma ya fi tsada, a lokacin ne gida yake bukatar abinci a hannu.

Rumbu na maigida ne, amma tukunya ta uwargida ce, kuma a wurinta tattalin yake. Ita take auna tsabar yini, a surfa, a daka. Dusa ta awaki ce, ruwan wankin hatsi ma dabbobi ne suke sha. Da rana a dama fura, da dare a tuƙa tuwo. Abin da ya ragu ya zama ɗumamen safe, ƙanzon gindin tukunya kuma a shanya shi a ajiye, ran da babu a jiƙa a kwaɗa da ƙuliƙuli. Kuka da kuɓewa da yakuwa duk akan busar da su tun kaka, 'ya'yan yakuwa kuwa a yi daddawa da su. Yarinya tana koyon waɗannan abubuwa a gefen murhu, daga uwa da kaka, tun ba ta isa ɗaukar taɓarya ba. Maza kuma sukan fito da akusansu ƙofar gida a yi ciyayya da maƙwabta, har wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ya ci, ba wanda ya sani.

Shekarun yunwa su ne suka gwada wannan tarbiyya. A 1913 zuwa 1914 aka yi babbar yunwa da ake kira Kakalaba, wadda ta kashe mutane masu yawa daga ƙasar Kano har arewa. A irin wannan lokaci sanin tsofaffin mata yake fitowa. Sun san ganyen tafasa da na jiga, da aduwa, da goriba. Sun san yadda ake jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki, ana sake ruwa har ɗacin ya fita. Bayan yunwar 1931 Turawan Faransa suka tilasta wa ƙauyuka yin rumbunan tsimi. Mutane da yawa ba su so su ba, domin mabuɗin ba a hannun maigida yake ba.

Sai zamanin gyaɗa ya zo. Haraji da kuɗi ake biya, gyaɗa kuwa ita ce mai kawo kuɗi. Da fari ta hanyar Kano ake fitar da ita, har ta zama babban abin da Nijar take sayarwa waje kafin a fara haƙar yuraniyom. Gyaɗa ta kawo keke da rediyo da atamfa, ba kuwa wanda zai ce waɗannan mugun abu ne. Amma gonakin gero sun ragu, an daina barin ƙasa ta huta, samari kuma suka fara ficewa daga gandu kowa yana neman na kansa. Da farin 1973 ya zo, gidaje da yawa suka ga rumbu ba kome, kuɗin kuma ya riga ya tafi. Yadda aka tafiyar da abincin agaji yana cikin dalilan da Seyni Kountché ya bayar sa'ad da ya hamɓarar da Hamani Diori a watan Afrilu na 1974.

A 1984 fari ya sake dawowa, a daidai lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta. Shi ya sa mutanen Nijar suka sa wa wannan yunwa suna El Buhari. Amma daga cikin wahalar wani alheri ya fito. Tun 1983 wani ma'aikacin mishan daga Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da manoma suke sassabewa kowace shekara itatuwa ne masu rai. Manoma suka fara barin toho mai ƙarfi, suna datse sauran. Aka kira wannan hanya sassaben zamani. Ba ta bukatar kuɗi, sai lauje da haƙuri. Bayan shekara ashirin aka ƙiyasta cewa ƙasar da itatuwa suka dawo a kudancin Nijar ta kai kadada miliyan 5. Matan da suka fi kowa jin daɗi su ne masu tafiya mai nisa neman itacen girki da ganyen miya.

Duk da haka kada a ɗauka tattali shi kaɗai yana maganin kome. A 1960 mutanen Nijar ba su kai miliyan 4 ba, ƙidayar 2012 kuwa ta sami fiye da miliyan 17. Gonar da ta riƙe gida ɗaya an raba ta ga magada da yawa. A 2005, bayan fara da ƙarancin ruwa, akwai hatsi a kasuwannin Maraɗi, amma tiya ta fi ƙarfin talaka, yara da yawa kuwa suka rame. Wanda yake cin anza don dole ba a ce masa mai wadar zuci, mai yunwa ne, taimako kuma yake bukata.

Wadar zuci da aka sani a waɗannan gidaje ta mutumin da ya san iyakar abin da yake da shi ce, ya auna, ya ci, ya rage na gobe, ya kuma tuna da maƙwabci. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Har wa yau a ƙauyukan Tibiri da Madarunfa da Tasawa, in baƙo ya sauka, kafin a tambaye shi abin da ya kawo shi, ƙwaryar fura ake fara miƙa masa.