Fada a Cikin Kaset: Yadda Masu Kallo Suka Karɓi Fim ɗin Sangaya

Gabatarwa

Fada tsohon dandali ce a adabin Hausa. Tun a Magana Jari Ce na Abubakar Imam aka ga yadda Waziri ya nemi cin amanar Sarki Abdurrahman domin ƙwace mulki. Wannan takarda za ta duba yadda jigon ya shiga finafinan bidiyo, da kuma yadda masu kallo suka karɓe shi daga Kano har zangunan Ankara a ƙasar Gana.

Daga Gimbiya Fatima zuwa Sangaya

Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ce ta fitar da Turmin Danya a 1990, sannan a 1992 ta fitar da Gimbiya Fatima, labarin soyayya a gidan sarauta. Karɓuwar da ya samu ta sa aka yi masa ci gaba. A 1999 kuma kamfanin Sarauniya ya fitar da Sangaya, wanda Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni. Ali Nuhu ne Yarima Maina, Fati Mohammed kuma Zubaina, 'yar mai aikin gidan Sarki. Maina ya kamu da son Zubaina alhali ga Kilishi, 'yar'uwarsa ta jinin sarauta. Tambayar ita ce: Yarima zai bi zuciyarsa ne ko zai kare martabar gidansu?

Martanin Masu Kallo

Za a iya kasa martanin gida biyu. Matasa da matan aure sun rungumi fim ɗin, waƙoƙinsa suka bazu, cinikinsa kuma ya jawo samari da 'yan mata da dama cikin sana'ar. A ɗaya ɓangaren, malamai da masu kishin al'ada sun yi ta sukar finafinan wannan zamani cewa rawa da waƙa tsakanin namiji da mace kwaikwayon Indiya ne. A ganinsu, ɗan sarki da aka san shi da kunya da kawaici ba ya rausaya a bainar jama'a. Irin wannan ƙorafi, tare da ƙaddamar da shari'a a 2000, shi ya kai ga kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001.

A Zangunan Ankara

Kaset-kaset na Kano sun bi tsohuwar hanyar fatake har Nima da Mamobi da kewayen Kasuwar Malam Atta. Mutanen zango ba baƙin sarauta ba ne. Malam Baƙo, ɗan Malam Nenu Bakatsine, shi ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, kuma sarautar ta ci gaba a zuriyarsa. Saboda haka batun gado da auren zumunci da biyayya ga iyaye abu ne da suka sani a gidajensu. Bugu da ƙari, yaron da aka haifa a Nima yakan ji gaisuwar fada da Hausar Kano a bakin 'yan wasa, ko da bai taɓa taka Nijeriya ba.

Kammalawa

Gardamar da aka yi kan irin su Sangaya gardama ce kan wanda ke da ikon fayyace al'adar Bahaushe: fada, ko malamai, ko kasuwa. Ɗalibi ya kalli fim ɗin, ya tattara kalmomin girmamawa da ke cikinsa, kamar "ranka ya daɗe", sannan ya kwatanta su da na zangon da ya sani.