Daga damin gero zuwa baitulmali: wa ya riƙe makaɗan karkara?

Duk shekara idan bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu ya zo, mukan kira makaɗa, a yi liƙi, a watse. Bana kwamitin shirya biki ya sha wuya kafin ya samo mai kukuma ko da guda a ƙauyukan da ke tsakanin Jibiya da Maraɗi. Masu piyano da lasifika kuwa sun fi a ƙirga. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihin yadda aka riƙe mawaƙa da ƴan wasan ƙauye a ƙasashenmu biyu, da abin da ya biyo baya da gwamnati ta sa hannunta, sannan ta zare shi.

A da, makaɗin ƙauye bai san ofis ba. Kowace sana'a tana da nata: mahauta da kalangu, maƙera da dundufa, manoma da gangar noma ranar gayya. Idan kaka ta yi, makaɗi ya bi gida-gida, wannan ya ba shi damin gero, wancan akuya, wani tsohuwar riga. Sarki na ciyar da nasa, kamar yadda fadar Damagaram ta riƙe Ma'azu Ɗan Alalo. Fatake kuma, wato kakanninmu, su ne masu kyautar da ake labari: doki, raƙumi, daga baya keke, rediyo, mota, har kujerar Makka. Wanda ya saurari Mamman Shata ko Musa Ɗanƙwairo ya san yawan alhazai da direbobin da aka wasa, kuma ba a banza aka wasa su ba. Tsarin yana da aibinsa, domin mai abin hannu kaɗai ake yabo, kuma shekarar fari makaɗi ne farkon kwana da yunwa. Amma dukiyar tana yawo ne cikin gari, tsakanin mutanen da suka san juna.

A Nijar ne gwamnati ta fi shiga lamarin da gaske. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kountché ya rushe jam'iyya, ya nemi wata hanyar isa ga talaka, sai ya farfaɗo da samariya, tsohon tsarin da ƙauyukanmu suka gada da sarkin samarinsa. Daga 1976 aka fara bikin matasa na ƙasa, ana zagayawa da shi manyan biranen jihohi. Abin da ya sa ya yi tasiri shi ne matakalarsa. Gasa takan faro daga ƙauye da unguwa, waɗanda suka yi fice su je gunduma, daga can su je jiha, sannan su tsaya gaban shugaban ƙasa. Ana gwada waƙa, rawa da wasan kwaikwayo, mafi yawa cikin harsunan gida. Yarinyar da ba ta taɓa wuce kasuwar Sabon Mashi ba sai ga ta a dandali a wani birni mai nisa, Muryar Sahel na watsa muryarta, mutanen Katsina da Daura na ji a akwatunansu. Garin da ya karɓi baƙuncin biki kuma yakan samu gyaran filin wasa da gidan matasa.

Kuɗin daga ina? Lokacin ne yuraniyom na Arlit ke da daraja, baitulmali na da ƙiba. Sai dai dattawanmu da suka ga zamanin suna tuna cewa ba gwamnati kaɗai ta ɗauki kayan ba. Perefe yakan tara ƴan kasuwa, wannan ya ba da babbar mota ta kai ƴan wasa, wancan buhunan shinkafa, wani bandir na atamfa a ɗinka wa ƴan rawa anko. Ba a cika cewa a'a ba a wancan zamani. Abin dariyar shi ne, a wasannin kwaikwayon da aka yi da motocinsu da shinkafarsu, sau da yawa mugun cikin labarin shi ne alhaji mai ɓoye hatsi ko ɗan sumoga da ke zille wa duwan. Sukan zauna a kujerun gaba, su yi dariya tare da kowa.

A nan kuma tsadar kuɗin gwamnati ta fito. Jigon waƙa daga sama yake zuwa: haɗin kan ƙasa, dashen itatuwa, yaƙi da jahilci, yabon sojoji. Mai zambo da habaici, wanda a da yake iya caccakar maigari a tsakiyar kasuwa, ya gane cewa ba da wannan ake cin kyauta ba. A ganinmu samariya ta raya fasahar ƙauye fiye da duk wani shiri kafinta ko bayanta, amma ta rage wa makaɗi kaifin baki, kuma ba a yawan faɗar wannan idan ana begen zamanin.

Sai farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980. Fari ya zo a 1984, shekarar da Najeriya ta rufe iyaka har zuwa 1986, wadda mutanenmu suka raɗa wa yunwarta suna El-Buhari. Kountché ya rasu a 1987, shekarar da aka fara gasar kiɗa mai sunan Ɗan Gurmu, mai kukuman nan na Tawa. Da guguwar jam'iyyu ta taso a 1991, aka ɗauki samariya a matsayin kayan mulkin soja, ta watse. Karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ta ƙarasa abin da ya rage. A lokacin kuma damin geron da makaɗi ya saba samu ya riga ya yi ƙaranci, kaset ɗin da ake kwafa ba ya kawo masa ko dala.

Kokawa ce ta tsira. Tun gasar farko a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, ba ta rasa ƴan kallo ba, saboda haka ba ta rasa masu zuba kuɗi ba, daga gwamnati har kamfanonin waya har alhazai. Makaɗan ƴan kokawa sun ci albarkacinta.

A Najeriya kuɗin ya fi yawa, amma bai cika sauka ƙauye ba. Festac ta 1977 ta cinye dukiyar mai a Legas, da hawan daba a Kaduna. Hukumomin raya al'adu na jihohi sun kafa ƙungiyoyin rawa masu albashi a manyan birane, a kira su tarbar baƙi a filin jirgi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan Ɗan Mu'azu a 1934, ya bunƙasa da gwamnati ta rungume shi, har Yakubu Gowon da Diori Hamani suka halarta tare a 1970. Duk da haka ya yi kusan shekara goma a kwance kafin a dawo da shi a 2020, alhali Yunesko ta sa shi cikin kayan gadon duniya tun 2016. Haka ma bikin 18 ga Disamba na Nijar, irin Maraɗi Kwalliya a 2015 da Damagaram Sabuwa a 2018: an yi kwalta, an yi gine-gine, mawaƙan birni sun samu kwangila, mai gurmi na ƙauye ya kalla a talabijin ɗin mai shayi.

Akwai shawara gaban babban taronmu na bana, cewa a ware wani kaso daga kuɗin da kowace mota ke biya a buɗe asusun makaɗan karkara. Masu goyon baya sun ce a bi matakalar samariya, kowane reshe, daga Illela da Kwanni zuwa Maigatari da Magarya, ya zaɓo dattijo guda da yaron da yake koyarwa, a biya su a kaka, a kuma naɗi muryoyinsu a ajiye. Masu ja sun ce kasuwa ba ta gama farfaɗowa daga rufe iyakar 2019 da ta 2023 ba, kuma marayun direbobinmu sun fi cancanta. Wasu kuma na tambaya ko makaɗin da muka biya zai iya yi wa shugaban reshe habaici ya kuma karɓi rabonsa baɗi. Za a kaɗa ƙuri'a bayan rahoton ma'aji, kuma sai mai katin da ya biya kuɗin shekara zai ɗaga hannu.