Cire Tawada da Ingancin Zaren Takarda

Za mu fara da fayyace kalmomi biyu. Zaren takarda shi ne siraran jijiyoyin itace, masu tsawon milimita 1 zuwa 3, waɗanda ke sarƙewa su zama shafi. Cire tawada kuwa shi ne raba rubutu da wannan zare bayan an jiƙa tsohuwar takarda an dama ta.

Almajiri a tsangayar Wurno ya san sauƙin wannan aiki a kan allo. Tawadarsa ta baƙin tukunya da ƙaro ce, ruwa kaɗai ke wanke ta, allon kuma bai rasa komai ba. A takarda kuwa, duk abin da ya taɓa tawada sai ya taɓa zare.

Hanyoyin cire tawada daga takarda biyu ne. Ta farko wanki: ana tace damammiyar takarda a rariya, ruwa ya tafi da ƙananan ƙwayoyin tawada, amma yakan haɗa da guntayen zare da farar ƙasar da ke sa shafi santsi. Ta biyu kumfa: ana zuba sabulu a hura iska, ƙwayoyin da ba sa son ruwa su maƙale wa kumfar, a kwashe ta daga sama. Asarar zare a nan kaɗan ce. Abin lura shi ne tawadar da ke narkewa a ruwa, dangin ta almajiri, ita ce ke gagarar kumfa, sai ta bar takardar da dishi-dishi. Ta fotokwafi kuma, da yake narkakkiyar roba ce, takan bar ɗige-ɗige.

Soda da ake zubawa tana kumbura zare tawada ta saki, amma tana mai da takardar jarida rawaya saboda liginin, wato sinadarin da ke ɗaure jijiyoyin itace. Duk da haka, a ganinmu, mafi yawan raunin da ake ɗora wa cire tawada daga busarwa yake. Duk lokacin da zare ya bushe yakan ƙanƙame, ya rage shan ruwa, riƙonsa ga ɗan'uwansa ya yi sanyi. Shi ya sa ake ƙiyasta sake sarrafa shi sau 5 zuwa 7.

Inda ba a buƙatar fari, kamar kiret ɗin ƙwai ko takardar kwali irin ta masana'antar Jebba da ta fara aiki a 1969, barin tawadar ya fi riba. Takardar da ta naɗe ƙosai kuwa, mai ya riga ya fitar da ita daga lissafi.